Akuya Ce Inshorar Talaka

'Yan'uwana talakawa, maza da mata, musamman ku 'yan kasuwar Batsari da Safana da ƙauyukan bakin dajin Rugu, ku kasa kunne ku ji wani labari daga ƙasar Amurka, sa'an nan mu komo gida mu auna shi da mudunmu.

Ran 1 ga Oktoba 2025 gwamnatin Amurka ta rufe ofisoshinta masu yawa, ba ta buɗe ba sai ran 12 ga Nuwamba, watau kwana 43 cur, dubban ma'aikata ba albashi. Ba yaƙi aka yi ba, baitulmali kuma bai ƙone ba. Jam'iyyunsu biyu ne suka sa zare a majalisa a kan inshorar lafiya. Inshorar nan, don wanda bai sani ba, adashi ce: kowa yana zubi kaɗan kaɗan tun yana da lafiya, wanda ciwo ya kayar shi ke da ɗauka. Tun 2021 gwamnatinsu ta ƙara abin da take cika wa masu zubin, mutum wajen miliyan 20, aka yanka cewa ƙarin zai ƙare da ƙarewar 2025. 'Yan hamayya suka ce ba su sa hannu a kasafi sai an ƙara wa'adi, masu mulki suka ce a buɗe gwamnati tukuna. Aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe aka buɗe ba a ƙara kome ba, shekara ta juya, zubin mutane da yawa ya ninka.

Masu karatun jarida suna ta dariya, wai siyasar Amurka ta lalace. Lalle ta lalace, ba na musu. Amma ni da na karanta, kunya ce ta kama ni. Can, kuɗin magani ne ya hana 'yan majalisa barci, domin sun san zaɓen Nuwamba 2026 yana gabansu, mai ƙuri'a kuwa ba ya mantuwa da abin da ya fita daga aljihunsa. To, mu nan fa? Yaushe kuka taɓa jin majalisar Abuja ta ƙi sa hannu a kasafi saboda tsadar allurar ɗanka? A 2023, 'yan watanni bayan an janye tallafin fetur kuɗin mota ya gagari talaka, sai suka saya wa kansu manyan motoci, kowane wakili da tasa. A wannan kam ba a yi rigimar kwana 43 ba, masu mulki da yawancin 'yan hamayya baki ɗaya suka miƙa hannu.

Kada wani ya ce babu doka. Ni akawu ne, aikina ke nan bin takardu, kuma na bi su. A 1999 aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, ba ta soma aiki ba sai 2005, sa'an nan ma ma'aikatan gwamnati ta fi rufa wa asiri. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a gidanmu, suka yi alkawarin sa kashi 15 cikin 100 na kasafi ga sha'anin lafiya; har yau gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba, yawancin shekaru wajen kashi 5 take tsayawa. A 2014 aka yi dokar da ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci. A 2022 aka sake wata, aka ce inshora ta zama tilas, kuma za a biya wa matalauta miliyan 83. Takarda a kan takarda! Zuwa 2025 waɗanda ke cikin inshorar duka duka kimanin miliyan 20 ne, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, kuma cikin kowace naira 100 da ake kashewa wajen neman lafiya, fiye da 70 daga aljihun majinyaci da danginsa suke fita.

Ku kun san inshorar da muka gada. Akuya ce da ke ɗaure a bayan ɗaki, da tunkiyar da mace ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli, da ɗan maraƙin da ba a taɓawa sai rana ta ɓaci. Wata damina zazzaɓi ya shanye jinin ɗan ƙanwata, muka kai shi wani asibiti da dare. Kati kuɗi, gwajin jini kuɗi, ledar jini kuɗi, har safar hannun da za a sa a taɓa yaron mu muka sayo. Washegari akuyar uwarsa ta tafi kasuwa, dillali kuwa yana ganin idonmu ya san ba mu da halin ciniki. Yaron ya tashi, alhamdu lillahi. Amma da akuyar nan ba ta nan fa?

Ga dubban gidaje a ƙasar Batsari ba ta nan. Ɓarayin daji sun kore shanu da awaki, sun tashi garuruwa, kamar yadda suka yi wa Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020. A 2021 gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu, aka kuma yanke waya, don a matse ɓarayi. Wanda ɗansa ya kwanta a watannin nan, ko yana da abin sayarwa ba shi da wurin kai shi. Daga 2023 naira ta faɗi, kamfanin magani na GSK ya naɗe tabarmarsa daga ƙasar, kuɗin ƙwayoyi ya yi tashin gwauron zabo. An ƙwace adashin kakanninmu, na gwamnati kuwa bai iso ba.

Abin da ya fi ci mini rai, jiharmu ta ba ƙasar nan shugaba har sau biyu a mulkin farar hula. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa Saudiyya aka kai shi jinya a 2009. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere a Landan a 2017, a can kuma ya cika a Yulin 2025. Allah ya jiƙansu, ba gori nake yi wa mamaci ba. Amma a farkon rabin shekarar 2025, likitocin MSF suka ce yara 652 sun mutu da tamowa a wuraren jinyarsu na jihar Katsina, suka ambaci yanke taimakon ƙasashen waje, har da na Amurka. Ashe rigimar can ma a kan 'ya'yanmu take faɗowa, domin mun bar ransu a hannun baƙi.

Zaɓen 2027 zai kawo su, da taliya da sabulu da turmin atamfa, suna ta “Baba” da “Inna” a bakin rumfunanku. Ba ni ce muku ku ƙi karɓa, kuɗinku ne ya komo. Amma kafin mutum ya hau motarsa, ku tare shi, kowace jam'iyya ya fito, ku ce, “Ranka ya daɗe, cikin miliyan 83 ɗin nan, mutum nawa ne daga gundumarmu? Karanto mana sunayensu.”