RA'AYINMU: A DUBI ƘAFA KAFIN A ƊAUKI ALLURA



Kowa ya sani a nan ƙasar Asante damina biyu muke yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma wajen Satumba da Oktoba. A lokacin nan makwancin shanu yakan koma taɓo, kofato ya yi laushi, sai ka ga saniyar tatsa ta fara ɗingishi, ta rage kiwo, nononta ya ja baya. Abin da ya dame mu shi ne, da yawanmu ba mu tsayawa mu ga abin da ya same ta, sai dai mu zaro kwalbar oksitetarasaikilin, wadda aka fi sani da L.A., mu soka mata, gobe da safe kuma a tatse ta a kai kasuwa.

To, jama'a, mafi yawan ɗingishi a kofato yake, musamman na ƙafafun baya. A ɗaure saniya, a ɗaga ƙafar, a wanke ta da ruwa da sabulu. Sau da yawa tsakuwa ce, ko ƙaya, ko ƙusa, ko kaska a tsakanin kofato, ko kuwa kofaton ne ya yi tsawo yana son yanka. Duk waɗannan allura ba ta cire su. Wuƙa mai tsabta da busasshen wuri su ne magani. Haka kuma boru, ciwon nan na baki da ƙafa, allurar nan ba ta kashe ƙwayarsa. A ware wadda ta kamu, a sanar da ma'aikatan dabbobi na gunduma.

Inda allura take da amfani shi ne ruɓewar ƙafa, watau a ga kumburi a saman kofato, fatar tsakani ta tsage tana wari. A nan ma da ƙa'ida. L.A. mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, mililita 1 ake ba kowane kilo 10 na nauyin dabba, ke nan saniya mai kilo 250 mililita 25 take bukata, a raba wuri biyu ko uku. Wanda ya ba ta rabin haka don tsimin kuɗi, ƙwayar cutar ba ta mutuwa, sabawa take yi da maganin, ran da ya sake nema ya tarar ba ya ci. Shi ya sa muke cewa a nemi malamin dabbobi ya duba tukuna.

Sai maganar nono da nama. Kowace kwalba an rubuta kwanakin jira a jikinta, wanda bai iya karatu ba ya sa ɗansa ya karanta masa. Kafin kwanakin su cika, nonon zubarwa ake yi, don tafasawa ba ta raba shi da magani. Matanmu shaida ne, irin wannan madara ba ta yin tsami yadda ya kamata. Nama kuwa jiransa yakan kai mako uku zuwa huɗu ko fiye, saboda haka fatake su ji tsoron Allah, kada a yi wa sa allura yau a tura shi mayankar Kaase jibi.

Mun san zubar da nono asara ce. Amma fura da nono da burkina da wagashin da ake sayarwa a tashar Krofrom da sauran zangunan Kumasi, 'ya'yanmu ne da maƙwabtanmu ke ci. Masana sun ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya a 2019 saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna in aka dubi yawan jama'a. Gwamnatin Gana ma ta ƙaddamar da tsarinta na yaƙi da wannan matsala a 2018.

Kullum muna neman a ba mu burtali da mashaya da mutunci. Ran da aka ce nonon makiyayi akwai magani a ciki, wa zai saurare mu? Muna kira ga ardo-ardo da sarakunan fawa su ja kunnen mutanensu, ita kuma hukuma ta kai ma'aikatanta rugage, ta sa ido kan masu tallar magani a rana.

Allah Ya ba mu lafiya, mu da dukiyarmu, amin.