Doyar Daji Ba Ciyawar Banza Ba Ce

Kusan duk doyar da ake kasawa a kasuwannin Bodinga da Shagari, ko ake soyawa a bakin hanyar Sifawa, baƙuwa ce. Motoci ke kawo ta daga jihohi irin su Neja da Binuwai, domin doya tana bukatar wata bakwai zuwa goma a cikin ƙasa, alhali daminar Sakkwato da ƙyar take wuce wata huɗu. Ɗalibi a nan yana iya ɗauka cewa maganar inganta irinta ba ta shafe shi ba. Ta shafe shi, domin cutar da ta kama gona a Binuwai, a aljihun mai cefane a Sifawa take ƙarewa.

Manomi ba ya shuka ƙwayar doya. Yankinta yake binnewa. Saboda haka kowace sabuwar doya kwafin uwarta ce, da halinta da cutarta duka. Sabon hali ba ya samuwa sai ta hanyar fure da barbara, kuma a nan doya take da taurin kai: namiji daban, mace daban, wasu ba sa yin fure sam, wasu kuma ba sa yi a lokaci ɗaya. A 2017 masana suka gano alamar gado da ke nuna jinsin tsiro tun yana ƙarami, abin da ya rage wa masu wannan aiki a cibiyar IITA ta Ibadan dogon jira.

Binciken da aka buga a 2020 ya fi wannan jan hankali. Ya nuna cewa farar doyar da ake sakwara da ita, Dioscorea rotundata, ita kanta 'yar barbara ce tsakanin doyoyin daji biyu: D. praehensilis ta kurmi da D. abyssinica ta dajin sabana. Manoma a Jamhuriyar Benin sun daɗe suna tono doyar daji su dasa a gona, shekara bayan shekara, har ta ladabtu.

To, idan ana neman juriyar fari ko ta cuta, ina ya fi cancanta a duba in ba wurin iyayen da suka rayu babu taki babu noma ba? Kuskure ne a bar gatari da gobarar daji su cinye su kafin a tattara su a adana. Wannan aiki bai fi ƙarfin sassan nazarin halittu na jami'o'in Arewa ba, kuma bai kamata a bar wa Ibadan da Umudike kaɗai ba.

Sai dai kada a yi wa kowa alkawarin gonar doya a Sifawa. Doyar daji tana zuwa da ɗaci da ƙaya a saiwa, wasu nau'o'in ma da guba, kuma sai an yi ta maimaita barbara da ta gida, shekaru da dama, kafin a sami wadda matar gida za ta yarda ta sa a turmi.