Kada Babbar Riga Ta Koma Kayan Adaka

Kwanan baya na fita rangadin makarantu a ƙasar Daura, na sauka wata makarantar ƙauye, na shiga aji shida, na tarar malamin yana koya wa yara sunayen tufafi. Da yake ran Juma'a ce, babbar riga ce a jikina. Sai na tsaya gaban allo, na buɗe hannuwa, na ce wa yara, "Wa zai gaya mini sunan wannan aiki da ke ƙirjina?" Aji ya yi tsit. Na juya wajen malamin, saurayi ne mai himma, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma dai aiki kurum na san ana ce masa." Aska takwas ce, irin wadda dā kowane yaron gari ya sani. Da muka fito ya gaya mini sau ɗaya tak ya taɓa sa babbar riga, ran ɗaurin aurensa, ita ma ta aro ce, ya wuni yana kokawa da hannuwanta suna zamewa daga kafaɗa.

Ban ga laifinsa ba, gama abin da ba a koya wa mutum ba, ba ya saninsa. Amma abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ga ya kamata in kawo maganar gabanku, 'yan'uwana malaman makaranta da akawuna, ku da kuka gaji kujerun malaman En'e na dā. Ra'ayina shi ne, tufar da aka daina sawa ran aiki, aka bar ta sai ran buki, ta kama hanyar mutuwa, ko da kuwa ana ta yabonta. Bari in ba ku labarin waɗansu mutane da abin ya auku gare su.

A arewacin Ingila akwai ƙasa ana ce da ita Sikotland, ƙasar duwatsu ce da sanyi da ruwan sama. Mutanen kan duwatsunta suna da wata tufa ta gado, babban kilti, wadda aka fara samun bayaninta a rubuce wajen shekarar 1594. Mayafi ne na gashin tumaki, mai ratsi-ratsi a gicciye kamar gidan dara, tsawonsa yadi 4 ko 5, faɗinsa kamar yadi ɗaya da rabi. Masaƙarsu ba ta da faɗi, saboda haka saƙa biyu akan gama a ɗinke gefe da gefe, ka ga ashe ba mu kaɗai ke gama saƙa ba. Ba shi da wuya, ba shi da hannu. Yadda masu sa shi yanzu suke yi, sai a shimfiɗa shi ƙasa bisa ɗamara, a tattara tsakiyarsa ninki-ninki, mutum ya kwanta a kai ya ɗaure ɗamarar a ƙugu. In ya miƙe, rabin ƙasa ya sauka gwiwa, rabin sama kuwa ya yafa shi a kafaɗa. In ruwa ya sauko ya rufe kai da shi, in dare ya yi masa a daji ya kwance ɗamara ya ƙudundune ciki. Watau tufa ɗaya ita ce riga, ita ce laima, ita ce bargo.

Abu biyu suka kashe shi. Na fari canjin sana'a. An ce wajen 1720 da 'yan kai wani Bature mai narkar da tama, Tomas Rolinsan, ya ga mayafin yana hana ma'aikatansa sakewa gaban wuta, ya sa aka yanke rabin saman, aka ɗinke ninkin na ƙasa. Masanan tarihi suna gardama ko shi ya fara, amma dai tun daga zamanin nan ƙaramin kilti ya yi ta cin ƙasa. Na biyu doka. Mutanen duwatsun sun yi wa Sarkin Ingila tawaye, aka ci su a yaƙin Kuloden a 1746, a shekarar nan kuma aka kafa doka ta hana su sa tufarsu, sai fa wanda ke cikin sojan Sarki. Wanda aka kama, ɗaurin wata 6. In ya sake, a kore shi hayin teku shekara 7. Ba a soke dokar ba sai 1782. Shekara 36 ke nan, tsofaffin da suka iya sun tafi, yara sun tashi cikin wando.

To, kilti ya komo, amma ta ƙofar fada ya komo. A 1822 Sarki Joji na Huɗu ya kai ziyara Edinbara, marubucin nan Walta Sikot ya shirya bukin, Sarki ya fito cikin kilti, manya suka bi sahu. Tun daga nan ya zama kayan ɗaurin aure da fareti da ado. Duk wanda ya kalli jana'izar Sarauniya Elizabet a 2022 ya ga sojoji masu busa algaitar jaka sanye da ƙaramin. Har ofis suka buɗe a 2009 na rajistar ratsin mayafan. Amma babban na asali, wanda makiyayi ke kwana cikinsa, yau sai masu wasan kwaikwayon tarihi da 'yan tsiraru masu sha'awa, su ma yawanci daga littafi ko intanet suka koyi ɗaurinsa, gama uban da zai koya musu bai iya ba. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu mu dubo tamu. Babbar riga ba hannu ɗaya ke yin ta ba. Manomi ya noma auduga, mata su gurje su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa siriri-siriri, maɗinki ya gama, malami ya zana aiki, mai allura ya bi zanen wata da watanni, marini ya tsoma a baba, mabugi ya buga har ta yi ƙyalli. Da yawa cikin masu aikin allurar nan malaman allo ne da almajiransu, da shi suke ci da kansu ba su roƙi kowa ba. Kowace riga da sunanta. Akwai saƙi mai kamar jikin zabo, akwai kore, akwai barage mai jan alharini wanda fatake ke kawowa daga Tarabulus ta Sahara, akwai tsamiya wadda ake kaɗa zarenta daga gidan wata tsutsa. Aiki kuma akwai aska biyu, da aska takwas, da malum-malum. Rawani akwai harsa, akwai ɗan Kura. Sa'ad da Bajamushen nan Dokta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta tufar da ake kaiwa Tambutu kaɗai ta kai kayan raƙumi 300 a shekara. Watau mu ne muke tufatar da waɗansu.

Mu ba a taɓa kafa mana dokar hani ba. Ko a zamanin Turawa, sarakuna da alƙalai da hakimai da malaman En'e da rigunansu suke zuwa aiki. Sarkin Daura Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, fada ba ta sake kaya ba. A 1960 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya da rigarsa da hularsa, ba wanda ya raina shi. Abin da doka ba ta yi mana ba, shi ne sakaci ke yi mana a hankali.

Wani zai ce, "Haba Malam, ka je hawan Sallah ko Sallar Gani a Daura ka ga riguna!" Gaskiya ne, na gani, har ma a 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin kayan gadon duniya. Amma ka matsa kusa ka taɓa rigunan. Ban da na sarakuna da 'yan kaɗan, shadda ce daga Ostiriya ko Sin, aikin kuwa na keke ne ko na kwamfuta. Masaƙar Kaduna da gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1957 ta rufe tun 2002, masaƙin ƙauye kuwa ya tsufa, ɗansa yana haya da babur. Bayan hawa da kwana biyu an ninke riga an mai da ita adaka sai baɗi. Wannan shi ne sawun mutanen Sikotland sak.

Na san akwai hujjoji ga waɗanda suka bar ta, ba kuwa zan raina su ba. Na fari, aiki. Malami yana ɗaga hannu ga allo, hannun riga yana share abin da ya rubuta; akawu yana hawan babur daga Sandamu ko Mai'aduwa, gefen riga yana neman ƙafar baya, wannan kuwa hatsari ne na rai. Na yarda. Kaftani shi ne ƙaramin kiltinmu, namu ne, ba abin kunya ba ne. Marigayi Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, yau kaftani gobe babbar riga, kowace da muhallinta. Abin da nake gudu shi ne ƙaramar ta kori babbar ɗungum.

Na biyu, kuɗi. Albashin malami ba ya kai shi ƙarshen wata, balle riga mai cin yadi da yawa. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba na son kowa ya ci bashi don ado. Sai dai mu yi lissafi. Riga ɗaya mai kyau, in ana kula da ita, takan yi shekaru, har ɗa ya gaje ta. Ina da ta tsamiya wadda mahaifina ya bari, ta girme ni, har yanzu ina zuwa masallaci da ita. Kaftani nawa na ƙarar a tsakani?

Na uku ya fi zafi. Samari suna cewa babbar riga ta zama alamar masu cin dukiyar jama'a, wai faɗin aljihunta ba banza ba. In haka ne, laifin na masu gaskiya ne da suka tuɓe ta suka bar wa waɗancan. Yaro in bai taɓa ganin riga ba sai a jikin mai neman ƙuri'a, dole ya ce tasu ce. In ya gan ta a jikin malamin da ya koya masa lissafi, da akawun da ya yi masa takarda bai karɓi ko kwabo ba, sai ya san ta mutanen kirki ce.

Saboda haka ga shawarata, ba ta kuma bukatar doka, gama tufar da aka sa bisa tilas ba ta daɗi. Na ɗaya, kowane malami da akawu da ke da hali ya mallaki riga ɗaya, ya riƙa zuwa aiki da ita ran Juma'a. Mai babur ya ninke ta ya ɗaure a baya, in ya isa ya sa. Wanda ba shi da hali kada a yi masa gori. Na biyu, in za ka saya, ka nemi wadda hannun mutumin ƙasarmu ya taɓa, ko saƙar, ko rinin, ko aikin allurar, ko da aska biyu ce ƙarama. Kuɗin nan cikin Daura ko Zango ko Ɓaure za su kwana. Na uku, shugabannin makarantu su gayyato tsohon maɗinki ko masaƙi na garin a lokacin aikin hannu, ko sau ɗaya a zango, ya zauna da yara, ya nuna musu zare da allura da sunan kowane aiki, a ba shi ɗan goro. A gayyato tsohuwa mai kaɗi ita ma, gama ba don mazari ba da masaƙi bai sami abin saƙawa ba. Na huɗu, makarantun horon malamai su sa ɗalibansu su rubuta sunayen tufafi da na aiki daga bakin tsofaffin garuruwansu tun suna da rai. Na biyar, uba ya koya wa ɗansa yadda ake aza riga a kafaɗa, da yadda ake zama da ita, da yadda ake ninke ta. Rawani kuwa yana da ƙa'ida, na sarauta daban, na malamai daban, a koya wa yaro bambancin don kada ya yi shisshigi.

Mu mutanen Daura muna da misali a gida. Takobin da ake danganta wa Bayajida yana ajiye, sai an zo kallo a nuna shi. Rijiyar Kusugu kuwa har yau ana zura mata guga, baƙo ya zo ya sha. Ina roƙonmu mu riƙi babbar riga riƙon rijiyar. Malamin nan da na ba ku labari ya yi mini alkawari zai nemo maɗinkin ƙauyen ya zo aji, ni kuma na yi masa alkawari in na komo rangadi zan sake tambayar yaran. Allah ya sa in sami amsa, ya kuma ba mu ikon riƙe abin da iyaye suka bar mana. Amin.