Wa Zai Rubuta Tarihin Makaɗanmu?



Kwanan baya mun halarci bikin ranar al’adu a wata sakandare da ke Boɗinga. Da muka tambayi ɗalibai sunayen masu rawa a finafinan Indiya, sai hannuwa suka tashi ko’ina. Da muka ce a faɗa mana gangar da Musa Ɗan Ƙwairo yake kaɗawa, sai wuri ya yi tsit. Haka muka sake gani a Shagari. Wannan shirun ne ya sa muka ɗauko zancen yau.

Ku sani, rawar da kuke gani a fim tana da asali. Ɗaya daga cikin tsofaffin raye-rayen Indiya ita ce Kathak, wadda ta samo suna daga kalmar da ke nufin labari. Mai yin ta yakan ɗaura ƙananan ƙararrawa a idon sawu, yana ba da labari da hannu da fuska, ƙafa kuma tana amsa ganga. Ta bunƙasa a fadojin sarakuna, musamman a birnin Lucknow. Gwaninta na zamaninmu, Birju Maharaj, an haife shi a 1938, ya rasu a 2022. Ya koya wajen mahaifinsa da baffanninsa biyu, kuma shi ya tsara wa Madhuri Dixit wata rawa a fim ɗin Devdas na 2002.

Fada, gado da ganga: ai duk muna da su. A ƙasar Sakkwato ma sana’ar kiɗa gado ce. Ɗan Ƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya tashi a gidan kiɗan noma, ya bi yayansa Kurna Maradun, daga baya ya shahara da kotso a fada, ’ya’yansa kuma suka ɗora. Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, kuma har yau ana nazarin Bakandamiyarsa a jami’o’i. Salihu Jankiɗi shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Aliyu Ɗandawo ɗan Shuni ne, nan maƙwabtanmu, ɗansa Sani ya gaje shi a Yawuri. A fagen dambe kuwa, ba a zancen Shago a bar Ɗan Anace.

Waɗannan sun yi sa’a, domin an naɗi muryoyinsu, kuma masana irin su Farfesa Sa’idu Muhammad Gusau sun rubuta tarihinsu. To, masu rawa fa? ’Yan hoto da ke cilla garma sama su cafe, da ’yan tauri, da matan da suka gwanance da kiɗan ƙwarya, yawancinsu ba a rubuta ko sunansu ba. Waƙa tana zama a kaset, amma takun ƙafa yana tafiya da mai shi. Indiyawa sun gane haka, shi ya sa suka buɗe makarantar Kathak a Delhi, inda Birju Maharaj ya daɗe yana koyarwa.

Ba cewa muke ku ajiye littafi ku shiga fagen rawa ba. Alƙalami muke so ku ɗauka. Ga aikin wannan mako: kowa ya nemi izinin iyayensa, ya sami wani dattijo ko tsohuwa a unguwa, ya gaishe su cikin ladabi, sannan ya yi tambaya huɗu. Wace rawa ake yi lokacin kaka ko biki a zamaninku? Da wace ganga? Wa ya fi kowa iyawa? Wajen wa ya koya?

Ku rubuta amsar yadda aka faɗa muku, da Sakkwatancinta, kada ku gyara. Ku kai wa malamin Hausa ya duba, ku aiko mana. Waɗanda suka fi kyau za mu buga su a wannan shafi da sunan makarantarku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.