A Raba Karta da Caca

A cikin birnin Kano kalmar karta ba ta yawo ita kaɗai. Da zarar an ce wane ɗan karta ne, to an gama yanke masa hukunci: ba a ba shi ajiya, ba a ba shi aure da daɗin rai, kuma idan abu ya ɓata a unguwa shi ake fara kallo. Hukuncin yana da tushe, domin gidaje da yawa sun mutu a kan tabarmar caca, jari ya narke, an sayar da gado. Sai dai mun shafe shekaru mun bar jaki muna dukan taiki. Abin da ya cinye gidajen nan kuɗin da ake zubewa ne a gefen tabarma. Takardun da ke hannun mai wasa ba su taɓa cin gidan kowa ba.

A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar tarayya ta 2005 kan harkar caca ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ita ke da ikon tsara wannan harka a ƙasarta. Hukumar Hisbah ta Kano, wadda dama ta soma rufe shagunan cacar ƙwallo, ta ce za ta ci gaba. Ba ni da ja a kan wannan. Jihar da ta karɓi shari'a tun shekarar 2000 ba ta da hujjar zuba wa shagon caca ido. Tambayata ita ce: yaron da aka rufe wa shago, ina ya nufa? Ya koma ɗakinsa ne, ya ciro waya daga aljihu, inda Bet9ja da SportyBet ke jiransa ba dare ba rana, ba mai ganinsa balle ya tsawata masa. An rufe ƙofar da ake gani, wadda ba a gani tana nan a buɗe, kuma ba a ba shi komai a madadin abin da ya kai shi can tun farko ba, wato son gwada basira, da son a ci a kuma yi kirari a gaban tsara.

Wasu ƙasashen sun gamu da wannan matsala, kuma yadda suka warware ta abin dubawa ne. A 1993 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya fito da wasan Magic: The Gathering, wanda shi ne uban wasannin katin da ake tarawa ana musaya. Kowane ɗan wasa yana harhaɗa nasa ƙunshin katin, aƙalla guda 60, daga cikin dubban da ke akwai, ya zo ya kara da wani. A dokar wasan ta farko akwai caca tsirara: kafin a fara, kowa zai ajiye kati ɗaya daga ƙunshinsa, wanda ya yi nasara ya kwashe. Cikin 'yan shekaru kamfanin ya watsar da wannan doka, ya haramta katunan da suka dogara da ita a duk wata gasa. A 1996 aka buɗe gasar ƙwararru a birnin New York. Har yau, a dokokin gasar, wanda aka kama yana zuba kuɗi a kan sakamakon wasa, ko yana sayen nasara daga abokin karawarsa, hukunta shi ake yi.

Abin da ya maye gurbin kuɗin shi ne tsari. Ɗan wasa yana rubuta jerin katunansa ya miƙa wa alƙalai kafin a fara, don kada ya sauya a tsakiya. Idan ya cakuɗa katinsa sai ya miƙa wa abokin karawa shi ma ya cakuɗa ko ya yanka. Akwai agogo. Ana haɗa 'yan wasa da tsarin da ake kira na Suwizalan, wanda aka aro daga gasar ces: bayan kowane zagaye, mai nasara biyu ya gamu da mai nasara biyu, mai faɗuwa biyu ya gamu da irinsa, ba a korar kowa tun da safe. Sa'a tana iya ɗaga mutum a wasa ɗaya, amma ba ta iya goya shi zagaye takwas a jere. Shi ya sa sunayen da suka iya suke ta dawowa saman jeri shekara bayan shekara. Gasar duniya ta katin Pokémon, wadda ake yi tun 2004, har rukuni-rukuni take raba 'yan wasa gwargwadon shekaru, yara daban, matasa daban, manya daban.

Ba ina kira a kwaso Pokémon a jibge a kasuwar Kurmi ba ne. Wannan sana'a tana da nata ƙazantar. Ana sayar da katunan a cikin rufaffen ƙunshi, mai saye bai san abin da ke ciki ba, yana biya ne da fatan ya dace da mai tsada. An taɓa sayen kati ɗaya na Pokémon a kan fiye da dala miliyan 5. Wannan ƙanwar caca ce, ko da wane suna aka kira ta. Malaman Saudiyya sun haramta Pokémon a 2001, kuma caca na cikin dalilan da suka bayar. Amma a wannan ƙasa ta Saudiyya, a 2018, hukumar wasanni ta shirya gasar balut a Riyad, wasan karta ne da suka daɗe suna yi a zaurukansu, aka yi shi a bainar jama'a da alƙalai da kyauta. Sun tsame wasan daga cikin cacar. Mu kuwa mun haɗa su mun ɗaure da igiya ɗaya.

Akwai hujjar da ta fi ta caca nauyi, kuma bai kamata a yi mata kwana ba. Mu Malikawa ne, kuma sananne ne Imamu Malik bai ga alheri a wasan shaɗranji ba, ko da babu kuɗi a ciki. Malamai suna tsoron shagala: wasan da ke cinye lokacin salla, ya haifar da rantsuwa da zagi da gaba. Suna kuma da magana mai tsawo kan irin gasar da ya halatta a sa wa kyauta, da bambanci tsakanin kyautar da wani na gefe ya bayar da kuɗin da 'yan wasa suka tara mai nasara ya kwashe. Wannan fagensu ne, su ya kamata a zaunar su yanke. Abin da nake cewa shi ne, duk illolin da suke tsoro, a wasan ɓoye suka fi yawa. Zaman kartar da ake yi a bayan kango ba ya tashi don an kira la'asar. Gasar da ke da alƙali da jadawali tana tashi, kuma wanda ya yi ashar ana cire masa maki. In dai ba za mu iya shafe wasan daga doron ƙasa ba, kuma shekaru sun nuna ba mu iya ba, to zaɓin da ya rage mana biyu ne: wasan da ake gani, ko wanda ba a gani.

Kuma ba sai mun yi aro ba. Muna da dara. Gurbi 30 ne a ƙasa, jeri 5 sau 6, kowane ɓangare da 'ya'ya 12, ɗaya da tsinke ɗaya da dutse. Ana dasawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a soma motsawa gurbi-gurbi. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin karawa. Babu ƙuri'a, babu abin da ke ɓoye, babu wata kafa da sa'a za ta shigo. Wanda aka cinye, an fi shi tunani ne kurum. Dattijon da ke iya hango motsi huɗu a gaba yana zaune a gindin bishiya a Yakasai ko Mandawari, kuma ba a taɓa rubuta sunansa a ko'ina ba. Ayo na Yarbawa ya samu kujera a gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa da langa. Dara tana nan inda kakanninmu suka bar ta.

Ita ma kartar Whot da ta cika majalisu, wadda aka ƙirƙira a Ingila a 1935 ta zo ta zama 'yar gida a Najeriya, ana iya yi mata gyara. Gaskiya ne rabon kati yana da tasiri a cikinta ƙwarai. Masu wasan birij sun daɗe da maganin wannan: a shirya rabo iri ɗaya a kai shi tebura da yawa, sai a gwada wa ya fi iya sarrafa hannun da kowa ya riƙe. Da haka sa'a ta fita, hankali ya rage.

Laifin a nan namu ne, mu da muka yi boko. Mun yi ta tafi lokacin da Wellington Jighere ya ci gasar Scrabble ta duniya a Ostareliya a 2015. Mun yi ta yaɗa hotunan Tunde Onakoya lokacin da ya shafe sa'o'i 60 yana buga ces a New York a watan Afrilun 2024, muna yabon yadda ya ɗauko yaran unguwannin talakawan Legas ya zaunar da su gaban allo. Muna biyan kuɗi a koya wa 'ya'yanmu ces a makarantun kuɗi na Nasarawa, muna cewa yana buɗe ƙwaƙwalwa. Idan muka shigo cikin gari muka ga almajirin tela yana dara a Koki, sai mu ce zaman banza. Bambancin da ke tsakanin yaran biyu shi ne ɗaya yana da tebur da malami da takardar shaida, ɗayan kuma yana da ƙasa da tsinke. Wannan raini ne irin na masu hali, mun lulluɓe shi da rigar tarbiyya.

Birnin da ke iya haɗa gasar ƙwallon unguwanni duk shekara, da alƙalai da kofi da riguna, ba zai gaza wannan ba. A fara da dara, tunda ita ce ba ta da ƙurar suna. Unguwa takwas sun isa zagayen farko, kowace ta kawo mutum huɗu, manya daban, 'yan ƙasa da shekara 18 daban. Kada a karɓi ko sisi daga ɗan wasa. Kyautar ta fito daga aljihun wani ɗan kasuwar Kwari ko Singa, kuma kada a bar kamfanin caca ya liƙa tallarsa ko a bakin ƙofa. A rubuta dokokin da Hausa a shafi biyu, domin yanzu kowace majalisa da irin tata, a kai wa malamai su duba kafin a buga. Masu unguwanni su tantance 'yan wasansu, Hisbah ta turo wakili ya zauna a teburin alƙalai. Akwai rufaffen ɗakin wasanni a Ƙofar Mata.