Tsakuwar Maɗaciya da Mai Juna Biyu: Ba Kowane Ciwo Ne Laulayi Ba

A gidajenmu, duk abin da ya dami mai juna biyu suna ɗaya gare shi: laulayi. In ya tsananta a ce olsa ce, a aika yaro kemis. A ƙarƙashin waɗannan sunaye biyu ne wata cuta take ɓuya, wato tsakuwar maɗaciya.

Maɗaciya, ko matsarmama, 'yar jaka ce a ƙarƙashin hanta da ke tara ruwan ɗaci mai narkar da maiƙo. Idan ciki ya shiga, sinadarin isturojin yakan ƙara kitsen kwalastaral a cikin ruwan, shi kuma furojestaron ya sanyaya jakar har ta kasa matse kanta sosai. Ruwan da ya kwanta sai ya yi kauri, daga nan ya dunƙule. Kowane sabon ciki yana ƙara wannan haɗari, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Arewa maso Yamma tana haihuwar fiye da 'ya'ya 6 a matsakaici. Masu sikila kuwa tasu tsakuwar daban ce, daga yawan fashewar ƙwayoyin jini take samuwa, sau da yawa tun suna ƙanana.

Ciwon yana da kamanninsa. Yakan taso a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, galibi bayan cin abu mai maiƙo kamar soyayyen nama, ya harba zuwa kafaɗa ko baya, ya yi minti talatin ko sa'o'i. Ƙwannafi ba haka yake ba. Idan zazzaɓi ya biyo, ko idanu suka yi shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, to ba a kwana da ita a gida. Ciwo a wannan gurbi yana iya zama alamar hawan jinin da ke kai mai ciki ga jijjiga, wanda ya fi tsakuwar saurin kisa.

Abin takaici, na'urar hoton cikin da ake layi a kanta don a san namiji ne ko mace, ita ce ke nuna tsakuwar, ba tare da cutar da ɗan tayi ba. Yawancin masu tsakuwar ba sa buƙatar aiki kafin haihuwa. Rage maiƙo da kulawar likita sun wadatar. Inda ciwon ya yi ta dawowa, likitoci sukan cire jakar, an fi so tsakanin wata na 4 da na 6. Maigidan da ya ji kalmar tiyata ya hana sa hannu, ya sani kumburin maɗaciya ma yana iya jawo naƙuda kafin lokaci.

Haihuwa kuma ba ta rufe maganar. A makonnin jego, lokacin da ake ɗura wa mace romo da nama mai kitse, tsakuwar da ta yi shiru wata tara takan motsa.