A rage wa ma'aikaci hanya, kada a rage wa yaro karatu

Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, wasu gwamnonin Najeriya suka samo magani mai araha: a ce wa ma'aikaci ya zauna gida. Kwara da Edo sun mayar da zuwa ofis kwana 3 a mako. A Fabrairun 2024 gwamnan Legas, Sanwo-Olu, ya yi haka ga ma'aikatan mataki na 1 zuwa 14, a birnin da mutum ke fita da asuba ya ƙare safiyarsa cikin cunkoson motoci. Wannan ba ni da ja a kansa. Mai aikin takarda da kwamfuta yana iya yin sa a zaure. Kuma Legas ta yi hankali, ta bar malamanta a kan kwana 5.

Inda nake da ja shi ne Kaduna. Daga 1 ga Disamba 2021 gwamnatin El-Rufa'i ta mayar da aiki kwana 4, wai a huta, a samu lokacin iyali da noma. A Janairun 2022 makarantun gwamnati suka bi sahu, yaran Zariya da Kafanchan suka rasa karatun Juma'a. Mu yi lissafi irin na ƴan aji uku: kwana 1 cikin 5 kashi 20 ne cikin 100. A shekara 6 na firamare, an fi ƙarfin shekara guda ke nan. Za a ce ai sai a tsawaita sauran ranakun. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo da ƙarfe 2 na rana a watan Afrilu ya san abin da ke shiga kan yaro mai yunwa a wannan lokaci: ba komai.

Me ya kawo wannan magana nan jihar Tawa? In gemun maƙwabci ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tsadar fetur ta Najeriya ta iso mu har cikin kwalba, kuɗin kabu-kabu ya hau, kuma na ji abokan aiki suna sha'awar tsarin Kaduna. Ƴan'uwa malamai, mu ji tsoron Allah. Mu fa mun riga mun ci bashin yaran nan. Ana buɗe lakwal a Oktoba, amma ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, ruwan farko kuma ya watsa shi. Malamin ƙauye yana rufe aji ya tafi gari karɓar albashi. Ga yajin aiki. A kan wannan za mu ɗora hutun kwana guda kowane mako?

Wahalar malami gaskiya ce, ba na musu. Wanda ke kwana a Madawa, Buza ko Keita yana bin hanyar burji zuwa ƙauye kullum, albashinsa a tankin babur yake ƙarewa, ballantana ɗan kwantaragi. Sai dai maganin ciwon hanya shi ne a gajarta hanyar. Magadan gari da kwamitocin iyaye su samar wa malami ɗaki kusa da makaranta, ko na laka ne. A tura albashi ta waya, tunda ƴan ci-rani ma haka suke aiko wa iyalinsu kuɗi. A daina tura mai iyali nesa alhali akwai gurbi a ƙauyen da ke kusa da shi.

Ku kuma iyaye, ku riƙa ƙirga kwanakin da aka buɗe aji kamar yadda kuke ƙirga damman hatsi. Ɗan mai hali yana makarantar kuɗi, ba wanda zai taɓa masa Juma'arsa. Naku ne za a rage wa, ranar jarabawa kuma takarda ɗaya za a miƙa musu.